Kunnen Deraman, Hannun Zabedah

A garin Marang na ƙasar Malaysia ba wanda bai san Mak Cik Zabedah ba, wato Gwaggo Zabedah. Rabin matasan garin a bas ɗinta mai ruwan ɗorawa suka je makaranta, kuma da wuya a sami wanda bai taɓa shan rankwashinta ba. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, sai ta ɗora matashi a kujerar direba kafin ta hango titi da kyau, amma in ta daka tsawa a bakin kasuwar kifi har masu jiragen ruwa sai sun waiwayo. Tuƙi kam ta iya shi. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne riƙe sifana, don ba ta da bukata. Tana da Deraman.

Deraman mijinta direban babbar mota ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar kifi da katako daga gaɓar gabas, ya haye duwatsu zuwa ta yamma. Ba mai yawan magana ba ne, sai dai Allah ya ba shi kunne. Duk Juma'a da safe, kafin ya yi wankan masallaci, sai ya ce ta tayar da bas ɗin. Ya tsaya ya karkatar da kai, ya yi tsit. Can sai ya ce, "Fanbel ya saki," ko kuwa "Baƙin manki ya gaji," ya jawo akwatin kayan aikinsa. Ita kuma ta koma ta dafa masa kofi. Haka suka rayu har ɗansu Kamarul ya girma, ya sami aiki can jihar Kedah, ya yi aure ya hayayyafa.

Bai daɗe da ajiye tuƙi ba, wata safiya a shagon mai shayi, kofi ya suɓuce daga hannun Deraman, shi ma ya bi kofin. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya karye, ba abin da ke fita sai gurnani. Kamarul ya yi abin da ɗa nagari zai yi. Ya sayo gado irin na asibiti, ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ya kafa talabijin a bango. Deraman ya kalli kayan nan duka, ya juya fuskarsa ga bango, ya bar ta a can. Abinci sai da lallashi, motsa jikin da likita ya ce a riƙa yi kuwa ko kusa. 'Yan dubiya su shigo su yi addu'a, su fita suna maganarsa da "Allah sarki, da can," kamar wanda aka riga aka binne.

Ana nan har aka ci damina guda. Wata rana da hantsi Zabedah na ba shi fate a baki, sai motar mai kai wa masunta ƙanƙara ta tsaya a ƙofar maƙwabta, injinta na aiki. Deraman ya ture cokalin. Ya fara dukan ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, idanunsa waje, yana nuna taga.

"Mene ne, Abang?" in ji ta, don haka matan can ke kiran mazajensu. "Zafi? Fitsari?"

Ya girgiza kai da fushi. Ya murɗa yatsa a iska yana zagayawa, ya yi wani sauti ta hanci, siriri, mai ƙara. Ta kasa kunne. Can ƙasan rugugin injin ta ji shi, ɗan kuka kamar na sauro. Ta fita da cokalin a hannu ta tare direban ta ce mijinta ya ce ya duba famfon ruwan injinsa. Direban ya yi dariya, amma don kunyar tsohuwa ya buɗe ya leƙa, sai ga ruwa na tsattsafowa. Da ta dawo ɗaki ta faɗa masa, Deraman ya buɗe baki da kansa, ya cinye faten tas.

Ta zauna tana kallonsa. Ashe mutumin yana nan a ciki, su ne suka rufe shi a ɗakin da ba a jin komai sai hucin na'urar sanyi.

Ba ta shawarci kowa ba. Ta san ba zai iya dogon zama a ƙaramar mota ba, yana bukatar gado da bayi a kusa. To ai akwai motocin da ake shigowa da su na hannu daga Japan, masu gado da madafa da bayi a ciki, ta sha ganin 'yan birni na kafa su a bakin teku ranakun hutu. Ta sayar da bas ɗinta, ta yi hayar mota, aka ɗora Deraman da kekensa na marasa lafiya, suka nufi wani fili kusa da Kuantan inda wani Mista Teoh ke sayar da irinsu.

Mista Teoh mutum ne mai fara'a da santsin baki. Ya kai su wajen wata fara fat, labulenta da furanni, cikinta sai ƙamshin turare.

"Wannan ce taku, Mak Cik. Wani likita ne ya yi ta hawa, kamar amarya take."

Zabedah ta shiga ta shaƙa. Shekaru tana wanke bas bayan yara sun yi ɓarna, ta san abin da ake ɓoyewa da turare. Ta hau kan gadon, ta danna babban yatsanta a kusurwar rufi, sai ya lotsa kamar burodi. Ta ɗaga kushin, ga katakon ƙasa ya yi baƙi, ga furfurar danshi.

"Amaryarka tana fitsarin kwance, Mista Teoh."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce to su ga ta biyu. Tana zuwa ta ɗora tafin hannu a kan murfin injin, ta ji shi da ɗumi.

"Wa ya ce ka ɗumama mana ita? Miya ce?"

Wannan kam daga bakin Deraman ta taɓa jin sa: inji ba ya faɗin gaskiya sai da sanyin safiya, in ya ɗau ɗumi ya koyi ƙarya. Ta ce sai dai su jira ya huce. Suka jira. Da aka tayar, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya turnuƙe filin, Deraman ya kau da kai kamar an nuna masa mushe.

Ta ukun can ƙarshen fili take, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, fentinta ya ƙoƙe, gefenta ɗaya da lotsawa, tsuntsaye sun yi mata ado. Mista Teoh bai ma so nuna ta ba. Zabedah ta bi rufinta kusurwa-kusurwa da yatsa, ko'ina tauri. Ta kwanta a ƙasa da zanenta ta leƙa, ta caccaki ƙarfen ƙasa da sukudireba, tsatsa a sama kawai take, ba ta ci ciki ba. Aka tayar da injin. Ya yi tari, ya kama, yana wani tsiwa. Deraman ya karkatar da kai. Ya daɗe. Sannan ya buga hannun kekensa sau ɗaya.

"Ya ce a ba mu wannan," in ji ta. "Amma tayoyin nan ka cire su daga ciniki. Zanensu sabo, gefensu duk ya tsattsage. Tsufa suka yi a tsaye, irin na surukata."

Ranar da ta shigo da motar Marang, unguwa ta fito kallo. Yayar Deraman, Mek Wok, da suke ce wa Kak Wok, wato Yaya Wok, wadda tun ranar ɗaurin aurensu ba ta ga abin yabo a jikin Zabedah ba, ta iso tana haki.

"Zabedah, kin haukace? Ƙanena yana kwance rai a hannun Allah, ke kuma kin sayo masa akwatin gawa mai taya?"

"Ai gara mai taya, Kak Wok. Wanda kuka ajiye shi a ciki ko motsi ba ya yi."

Kafin la'asar labari ya kai Kedah. Kamarul ya kira uwarsa, wadda yake ce wa Mak.

"Mak, me na rage muku? Ki faɗa mini abin da ban saya ba. In ta mutu muku a daji fa? In ya faɗi? Kina da shekara nawa, Mak? Mutane za su ce na kasa riƙe iyayena."

"Mutane su zo su share masa baki in ya ci abinci, sannan su yi magana. Ba ka rage komai ba, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma ubanka direba ne, ba tukunyar fure ba."

"Bikin Suhaila ma na ce kada ku wahala, za mu nuna muku komai ta waya."

"Jikata ta fari za a aurar, in kalla a waya kamar wasan ƙwallo? Ka dafa da mu."

Ta kashe wayar, ta kife ta.

Aka shiga gyara a inuwar bishiyoyin kwakwa da ke bayan gida. Kullum da safe ta turo Deraman, ta ba shi wata siririyar sandar kara a hannun hagu. Shi ya nuna, ita ta kwance. In daidai ne ya buga ƙasa, in ba daidai ba ya bugi ƙarfen, wani lokaci har da yatsunta. Duk wani tiyon roba da ke jikin injin ya sa ta matsa shi, wanda ya yi tauri ko ya yi laɓo-laɓo aka cire. Aka wanke lagireto, aka sauya fanbel da baƙin mai, aka zubar da tsohon man birki wanda ya koma kalar shayi. Ta kaɗa ruwan sabulu ta shafa a kowace gaɓa ta bututun iskar gas, a bayan murhu ya yi kumfa, ta ja da baya tana salati, don a nan kusa kansa zai riƙa kwanciya. Ta hau rufi da tsani ta kankare tsohon gam ɗin da ya bushe a bakin tagar sama, ta sa sabo, sannan ta sa tiyon ruwa ta yi ta feshi tana shiga tana dubawa. Maƙwabta suka saba ganin tsohuwa a kan rufin mota, ɗankwali a ɗaure tamau, tana faɗa da tururuwa.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Farcenta ya fita, bayanta ya riƙe har sai da aka yi mata tausa. Wata rana tana ɗaure wani noti, Deraman na ta buga ƙasa alamar ya isa, ita kuma ta ce bari ta ƙara kaɗan don ƙarfi. Ƙas! Ƙusar ta karye a ciki. Fuskar Deraman ta yi jajir, wuyansa ya kumbura, leɓɓansa na kokawa da juna, sai kawai kalma ta faɗo, a karkace amma ana ji:

"Sa... karya!"

Sifana ta faɗi daga hannunta. Tun ranar shagon mai shayi ba ta ji kalma daga bakinsa ba. Ta zauna daɓas a ƙasa, dariya da hawaye suka haɗe mata.

"Alhamdu lillahi! Duk kalmomin duniya, Abang, wannan ka ajiye mini? Ƙara faɗi, don Allah."

Bai ƙara ba, amma gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Ciro karyayyar ƙusar nan kuwa sai da ya ci musu kusan mako.

Suka fara gwaji da gajerun tafiye-tafiye, bakin teku, Dungun, su kwana su dawo. Ta mayar da gadon kusa da bayan kujerarta, ta ɗaure masa bel, sandarsa a hannu. Da biki ya matso, ta dafa nasi dagang, shinkafar kwakwa da miyar kifi, ta ƙunsa a ganyen ayaba, ta rataye kayan bikinsu a leda, suka ɗau hanya da sauran kwanaki a gaba don kada a yi gaggawa. Suka wuce Jeli, hanya ta fara hawa. Daji ya rufe ta hagu da dama, sai allunan gargaɗin giwaye jefi-jefi. Wannan ce hanyar da Deraman ya bi sau ba adadi, ta hango shi ta madubi yana bin kowace kwana da ido, bakinsa na motsi. A gangara ta sa ƙaramar giya ta bar injin ya riƙe nauyin, ba ta zauna a kan birki ba, don sandar na jiran ta in ta yi.

Sun wuce wani babban tafki kenan, rana ta take tsaka, sai sandar ta fara dukan bango. Ba sau ɗaya ba, ba ƙaƙƙautawa.

Ta duba allurar zafi, lafiya lau. Ta taka birki, ya kama. Ta kasa kunne, ba ta ji komai ba sai iska.

"Abang, ba komai fa. Ko bayi kake so?"

Sandar ta sauka a kafaɗarta. Ta sami wani fili inda manyan motoci ke hutawa, kusa da rumfar wata mai sayar da soyayyar ayaba, ta tsaya. Ya nuna tayar gaba ta hagu. Ta sauka ta kai hannu kusa da cibiyar tayar, ta janye da sauri. Ta tofa yawu, ya yi cuu ya ƙone. Boris ɗin tayar ne. Shi kaɗai ne ba su buɗe ba a gida, don sun ɗaga motar sun girgiza tayar ba ta yi motsi ba. Ta kalli gangaren da ke gabansu, mai kwana-kwana, rami a gefe. Ta yi hamdala da suka tsaya. Sannan ta kira ɗanta.

"Kamarul, ɗauki biro. Za ka sayo mini boris na tayar gaba, na ciki da na waje, da robarsa, da gwangwanin giris."

"Mak! Kuna ina? Ai na faɗa! Na faɗa!"

"Ka faɗa. Yanzu rubuta."

Suka kwana a nan. Mai soyayyar ayaba ta ba su ruwan zafi, ta ƙi karɓar komai. Washegari da hantsi sai ga Kamarul, idanunsa ja don rashin barci, bayansa kuma ga motar janwe. Ya tarar uwarsa ta riga ta sa jak, ta kafa duwatsu a bayan tayoyi, ta cire tayar, hannayenta baƙi har gwiwa. Ubansa na kan keke a inuwa, hula a karkace.

"Mak, ya isa haka. Ga mai janwe, zai kai ta garin Gerik, duk wanda ya taya a sayar masa. Ku shiga motata. Jibi ɗaurin aure, ina da baƙi, ina da masu rumfa, na baro komai na taho."

"Ka kawo saƙona?"

"Na kawo, amma..."

"To miƙo. Ka sallami bawan Allahn nan, ka ba shi na mai."

"Mak, wai sai kin kashe shi hankalinki zai kwanta?"

Ta miƙe a hankali, ta goge hannu da tsumma. Ko kafaɗarsa ba ta kai ba, amma sai da ya ja baya.

"Dube shi. A'a, kada ka dube ni, shi za ka duba. Yaushe rabonka da ka ga idonsa haka? A gadonka mai tsada mutuwa yake yi kullum kaɗan-kaɗan, ba wanda ya ce an kashe shi, don a cikin sanyi ake yi. Da kunnensa ya tsayar da mu jiya, ni ban ji komai ba. A motar nan muka fito, a cikinta za mu isa, ko ranar suna ce."

Kamarul bai jira ba, ya nufi keken zai tura shi zuwa motarsa. Deraman ya sa ƙafarsa mai lafiya ya tokare ƙasa. Ya ɗaga sandar ya zuba wa ɗansa a ƙwauri, irin dukan da rabonsa da shi tun yana firamare. Sannan ya nuna cibiyar tayar, ya nuna shi, ya ce:

"Riƙe."

Mai janwe ya juya baya yana tari don kada a ga dariyarsa. Kamarul ya tsaya ƙiƙam, yana kallon bakin da ya yi maganar. Can ya cire agogonsa ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa.

Aikin ya ci su har bayan azahar. Tsohon boris ɗin ya fito ya yi shuɗi don ƙuna, giris ɗinsa ya bushe kamar ƙasa. Kamarul ya buge yatsansa da guduma, uwarsa ta ce hannun ofis ne, ya yi haƙuri. Ta cusa sabon giris da tafin hannunta har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Wajen ɗaure babban notin, tana jin sandar ta bugi ƙasa ta saki sifana kamar ta taɓa wuta. Suka buɗe na dama ma, tunda tare suka tsufa. Suka gangara duwatsun a hankali, Kamarul na biye da su a baya da fitilunsa a kunne.

A ƙofar gidan biki ta kafa motar, tsakanin rumfuna, ba wanda ya isa ya ce ta matsa. Deraman ya zauna a sahun gaba wajen ɗaurin aure. Da amarya Suhaila ta zo ta sumbaci hannunsa, baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba, don shi ma sai da ya sa hannu a giris ɗin.

Kada a ce Kamarul ya sauya ra'ayi. Har yau yana cewa ganganci ne, kuma duk zuwansa Marang sai ya kawo labarin wani gidan kula da tsofaffi mai lambu da ma'aikatan jinya. Ita kuma ta ce ya ajiye wa kansa wuri tun da sauran ɗaki. Abin da ya sauya kawai, yanzu in ya ga kayan gyara masu kyau yakan saya ya aiko ba tare da ya ce komai ba.

Deraman bai warke ba. Kalmominsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, rabinsu kuma zagi ne. Kunnen ma ya fara nauyi, shi ya sa yanzu in an tayar da inji ita yake sa wa ta fara faɗin abin da ta ji, in ta kuskure ta sha sanda. Idonta ɗaya ya yi yana, aka yi mata aiki, tambayarta ta farko ga likita ita ce yaushe za ta koma tuƙi. Da damina suna gida, motar a ƙarƙashin rumfar kwano, tana tayar da ita duk mako, tana bin ta da fitila tana neman ɓeraye da gara. Ruwa na ɗaukewa sai su kama hanya.

Kwanan baya a wani shingen 'yan sanda kusa da Mersing, wani matashin ɗan sanda ya karɓi lasisinta, ya kalli shekarar haihuwa, ya kalli tsohon da ke ɗaure a gado da sanda a hannu. Ya jingina da ƙofar motar, ya sassauta murya irin ta masu yi wa tsofaffi magana.

"Mak Cik, kin yi nisa fa. Ba 'ya'ya ne? Ina ne gida?"

"Kana jingine da shi," in ji Zabedah. "Ɗaga gwiwar hannunka, ban daɗe da yi masa fenti ba."